Tazarar da ta ɓace tsakanin "Biya" da "Soke"

Wata makaranta mai zaman kanta a Tudun Wada ta ba mu aikin gina shafin biyan kuɗin makaranta, da sharaɗin a buɗe shi kafin a koma zangon farko, domin iyaye su huta da dogon layi a ƙofar ofishin ma'aji. Haɗa shafin da kamfanin da ke karɓar biya ta kati da tiransifa shi ne muka fi jin tsoro, amma ya tafi lafiya lau. Abin da ya kusa zubar mana da mutunci layi ɗaya ne a cikin fayil ɗin CSS, wato fayil ɗin da ke tsara kamannin shafi, wanda aka taɓa ana gab da sakin shafin.

Shugaban makarantar ne ya duba shafin a kwamfutarsa, ya ce maɓallan da ke ƙasan takardar biya ba su daidaita ba, yana so a gyara. Abokin aikina mai tsara fuskar shafin ya maye gurbin margin, wato tazarar da ke jikin kowane maɓalli, da gap, wato tazarar da ake sa wa akwatin flex da ke jera su a layi, wanda a ƙa'ida shi ne aiki mafi tsafta. Bai yi sakaci ba, domin ya bar tsohon margin ɗin a matsayin madogara, ya kuma rubuta cewa sai @supports, umarnin da ke tambayar burauza ko ta san wani salo, ya tabbatar ta san gap sannan a cire shi. Muka gwada a Chrome da Firefox a kwamfutocinmu da kuma wayoyinmu, komai ya zauna daram. Aka ce ai CSS ne kawai, ba sai an sake bin dukan matakan gwaji ba, kuma har yau idan na ji wannan jimlar sai raina ya ɓaci.

Washegarin buɗe shafin ma'ajin makarantar ya kira ni. "Injiniya, ka zo ka gani da idonka," in ji shi, "iyaye suna cewa da sun danna biya sai shafin ya mayar da su farko." A ofishinsa na tarar da wata Hajiya mai 'ya'ya uku a makarantar, ta miƙo mini wayarta itel mai tsagaggen gilashi, ta ce, "Ɗana, na cika sunayen yaran nan har na gaji." Koren maɓallin "Biya" da jan maɓallin "Soke" sun manne da juna babu ko siririyar tazara, kuma a ƙaramin allo irin nata babban yatsa yana faɗa wa kan iyakar ne. "Soke" kuwa yana share lambar ɗalibi da aji da adadin kuɗi baki ɗaya. Wasu iyayen sun haƙura sun dawo layin da aka gina shafin don a kawar da shi, wasu kuma sun fara yaɗa cewa shafin yana cinye kuɗi, alhali ko sisi bai fita daga asusun kowa ba.

Na roƙi Hajiya ta bar mini wayar na ɗan lokaci, na haɗa ta da kwamfuta ta kebul, na duba sigar injin da ke zana shafin. Ta buɗe adireshin ne daga zauren iyaye na Facebook, a cikin manhajar kanta, kuma injin da ya zana mata shafin na Chrome ne, yana kan siga ta 77. Ta kashe sabunta manhajoji tun tuni saboda data da ƙarancin wurin ajiya, kamar yadda galibin mutanen da na sani suke yi. To, gap a cikin flex bai shigo Chrome ba sai a siga ta 84, a Yulin 2020. Firefox ta riga ta tun 2018 a siga ta 63, Safari kuma sai a 14.1 a Afrilun 2021, wanda ke nufin tsohuwar iPhone 6 da ake saya ta hannu, wadda ta tsaya a iOS 12, ba za ta taɓa nuna wannan tazarar ba, ko da wace burauza aka sa mata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne madogarar da muka ajiye ita ce ta yaudare mu. Tun siga ta 66 Chrome ta san gap, amma a cikin grid kaɗai, wato wani tsarin jera abubuwa daban da flex. Idan @supports ya tambayi irin wannan burauzar ko ta san gap, sai ta amsa da e, domin tambayar ba ta bambanta grid da flex ba. Da wannan amsar aka cire margin, gap ɗin kuma bai yi aiki ba, maɓallan suka rasa duka biyun. Duk wayar da ke tsakanin 66 da 83 tana faɗa wa wannan ramin, kuma da ba mu rubuta sharaɗin ba sam, muka bar margin ɗin a inda yake, da babu abin da zai faru. Wanda ya dage sai ya yi amfani da gap a flex, to ya gwada da JavaScript, yaren shirye-shiryen da burauza ke gudanarwa, ta hanyar ƙirƙirar ƙaramin akwati ya auna ko tazarar ta fito. Ni dai a shafin da ake biyan kuɗi ban ga dalilin wannan wahalar ba.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba: muka mayar da margin a kan kowane maɓallin da ke bin wani, muka saukar da "Soke" zuwa layin ƙasa, muka sa ya tambayi mutum kafin ya share komai. Sai dai na ɗora gyaran, na sake buɗe shafin a wayar Hajiya, na ga maɓallan suna nan a manne. Sabar tamu tana gaya wa burauza ta riƙe fayil ɗin CSS na tsawon shekara guda, sunan fayil ɗin kuma bai canza ba, saboda haka duk wanda ya riga ya shiga shafin tsohon salon yake gani, wato mutanen da matsalar ta shafa su ne gyaran ba zai kai gare su ba. Sai da muka sa sunan fayil ɗin ya riƙa ɗaukar wata lamba da ke sauyawa duk lokacin da abin da ke cikinsa ya sauya, sannan tazarar ta bayyana.

Tun da mun riga mun tsorata, sai muka gwada da burauzar Opera Mini a yanayin tsananin tsimin data, inda sabar kamfanin Opera ce ke zana shafin da tsohon injin Presto kafin ta turo shi. Wannan injin bai san launukan da aka ajiye a var() ba, wato waɗanda ake kira da suna maimakon a rubuta su kai tsaye, don haka maɓallin "Biya" ya fito da farin rubutu a kan farin fili. Muka rubuta kowane launi sau biyu, na zahiri a sama, na var() a ƙasa, domin burauza tana tsallake layin da ba ta gane ba ta riƙe na baya.

Yanzu a ofishinmu akwai aljihun tebur da ke ɗauke da tsohuwar itel, da Tecno da muka hana sabuntawa da gangan, da iPhone 6 guda, kuma babu canjin salo da ke wucewa sai an buɗe shi a kansu, ta cikin Facebook da Opera Mini, an danna da babban yatsa. Da shugaban makarantar ya sake kira ana shirin zango na biyu yana son a ƙara girman tambarin makarantar, na ce masa, "Ranka ya daɗe, za a yi, amma sai bayan an rufe karɓar kuɗi." Bai ji daɗi ba, ma'aji ne ya mara mini baya.