Kwana biyu a Samaru: musun gurguzu a zauren Kawu

Kawuna ne ya kira ni a waya ranar wata Laraba, ya ce in zo Zariya in kwashe littattafansa tun gara ba ta ƙarasa da su ba. Idonsa ya yi rauni, kuma cikin 'ya'yansa babu mai sha'awar takardun da suka haura shekara arba'in. Ranar Asabar da hantsi na hau mota a tashar Unguwa Uku. Damina ta yi nisa, daga Kura zuwa Kadawa shinkafa ce kore shar iya ganinka. A Kwanar Ɗangora direba ya tsaya muka sayi dafaffiyar masara, muka wuce Tashar Yari ana yayyafi. Kafin azahar na sauka a Kwangila, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Samaru.

Kawu ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Samaru take tafasa da muhawara. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman yana koyar da tarihi, Patrick Wilmot, malamin jami'ar ɗan Jamaika, yana nan kafin gwamnatin Babangida ta fitar da shi daga ƙasar a 1988, Balarabe Musa kuma ya ci gwamnan Kaduna a PRP a 1979, aka tsige shi a 1981. Cikin wannan iska Kawu ya girma, har yau kuma tsofaffin abokansa Kwamared suke kiransa. Littattafan da ya nuna mini a ɗakin baya yawancinsu bugun Mosko ne, masu kaurin takarda. Ya ce a lokacin kuɗin abincin rana ya isa ka sayi guda.

Bayan la'asar wani amininsa ya shigo, wanda kowa yake kira Injiniya. Shi a Tarayyar Sobiyet ya yi karatu, cikin ɗaliban da aka tura da fatan su dawo su riƙe masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta. Na durƙusa na gaishe shi, ya dubi kwalayen da nake shiryawa ya ce, "Kwamared, yau kuma gurguzun za a mayar Kano?"

Kawu ya gyara zama ya ce, "Injiniya, abin da ba a taɓa yi ba ta yaya za a mayar da shi wani wuri?"

Daga nan aka ɗaura. Na lura ba yau suka fara wannan musu ba, domin kowa ya san inda ɗan'uwansa zai taka.

Kawu ya fara da kalmar kanta. Ya ce mu Hausawa mun tattara abu biyu mun zuba a ƙwarya ɗaya mun kira su gurguzu, alhali masu abin sun raba su. A wurin Karl Marx, kwaminisanci al'umma ce da babu mai kuɗi babu talaka, babu kuɗin kashewa ma, gwamnati kuma ta ƙare da kanta saboda ba a bukatarta. Kowa ya yi aiki gwargwadon ƙarfinsa, a ba shi gwargwadon bukatarsa, haka Marx ya rubuta a 1875. Lenin, jagoran juyin juya halin Rasha, ya zo a 1917 ya jaddada cewa akwai matakin farko da sai an bi ta kansa, inda gwamnati take riƙe da gonaki da masana'antu, ana biyan kowa daidai aikinsa. "To ɗana," ya juyo gare ni, "ka duba ko akwai ƙasar da ta taɓa cewa ta kai mataki na biyu. Jam'iyya ce take da sunan kwaminis, ƙasa ba ta da shi. Khrushchev, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya tashi a babban taron jam'iyya a 1961 ya yi alkawarin za a kai cikin shekara ashirin. 1980 ta zo ta wuce, 1991 ƙasar ta wargaje. Sin ma har yau cewa take tana matakin farko."

Injiniya bai musa ko ɗaya ba, abin da ya ba ni sha'awa ke nan. Ya ce duk gaskiya ne a takarda. Ya ƙara da cewa shi ba butulu ba ne: kyauta ya yi karatu, ana ba shi kuɗin guzuri duk wata, ya kwanta asibiti bai biya ko kwabo ba, ya ga 'ya'yan leburori sun zama likitoci. Amma gani ya kori ji. Ya tsaya a layin nama cikin sanyin da yake daskarar da gashin baki, ya kuma san akwai kantunan da sai manyan jam'iyya suke shiga. Sai ya sassauta murya ya ce, "Kwamared, in mai magani ya ba da sassaƙe a gari goma, a kowane gari aka yi jana'iza, ba zai tsaya yana cewa ba a sha daidai ba." Ya ambaci yunwar 1932 zuwa 1933, bayan an tilasta wa manoma haɗe gonakinsu, wadda ta ci miliyoyin rayuka a Yukiren da Kazakistan. Ya ambaci Sin daga 1958, da aka tara ƙauyuka ana dafa abinci a tukunya ɗaya, yunwar da ta biyo baya ta kashe miliyoyi masu ɗimbin yawa. Ya ce waɗanda suka fi kowa kusantar abin da ke littafi su ne 'yan Khmer Rouge na Kambodiya, da suka soke kuɗi da kasuwa a 1975, kuma cikin shekara huɗu mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu suka salwanta.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki, sai ya ce Marx yana hangen ƙasashe masu masana'antu ne irin Ingila da Jamus, sai abin ya ɓulla a Rasha, ƙasar manoma, cikin yaƙin basasa da sojojin ƙasashen waje a kan iyakarta, daga baya kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya ci mata mutum wajen miliyan 27. Ya ce in gawa za a ƙirga, a ƙirga har da ta cinikin bayi da mulkin mallaka, a ɗora wa jari-hujja nata. Kiran magariba ne ya raba su, suka tafi masallaci tare, Injiniya yana riƙe da hannun Kawu saboda duhu.

Washegari Kawu ya ce mu je Bomo, ƙauyen da ke bayan jami'a, ya gaida wani dattijo da ya daɗe yana noma masa 'yar gonarsa. A can, kan tabarma a gindin mangwaro, na ji abin da ya fi tsaya mini a rai. Dattijon ya ba mu labarin gandun mahaifinsu. Su bakwai ne maza, gona ɗaya, rumbu ɗaya. Tsoho ne yake fitar da hatsin tuwo, shi yake biyan haraji, shi yake yi wa kowa aure in lokacinsa ya yi. Mai ciwo ba a hana shi tuwo don bai je gona ba. Kawu ya dube ni, na gane abin da yake nufi: ga ƙarfi, ga bukata.

Na ce, "Baba, to me ya raba gandun?"

Ya ce, "Yaro, ai ko lokacin tsoho kowa yana da gayaunarsa. In an tashi daga gandu da azahar, sai ka wuce taka, abin da ta ba ka naka ne, ba mai tambayarka. Da tsoho ya rasu, wanmu ya riƙe shekara uku. Sai aka fara cewa wane ba ya zuwa da wuri, wane iyalinsa sun fi yawa. Muka zauna muka raba, ba faɗa. Amma gayya har yau muna yi."

A hanyar dawowa na tuna cewa a gonakin haɗaka na Sobiyet ma dole ta sa aka bar wa kowane gida ɗan fili nasa, kuma daga waɗannan ƙananan filaye kaso mai tsoka na dankali da kayan lambu da ƙwai yake fitowa. A Sin, manoma 18 na ƙauyen Xiaogang ne suka raba gonar haɗaka a ɓoye a 1978, daga baya gwamnati ta bi sawunsu. Shugaban Tanzaniya Nyerere ya ƙaddamar da nasa, mai suna Ujamaa, a 1967, yana koyi da zaman gida irin na Afirka, amma da aka koma kwasar mutane da ƙarfi zuwa sababbin ƙauyuka daga 1973, noman Tanzaniya ya sha wuya.

Ni dai a ganina Kawu yana da gaskiya cewa babu ƙasar da ta kai abin da Marx ya siffanta. Sai dai ban yarda a yi amfani da wannan magana a wanke hannu ba, domin waɗanda yunwa ta kashe a kan hanyar zuwa can aka kashe su, da sunan can ɗin. Gandu ya zaunu ne saboda mutum bakwai sun san juna, akwai gayauna, kuma ƙofar fita a buɗe take. Na faɗa wa Kawu haka a cikin keke. Bai ji haushi ba. Ya ce, "To, amma kada ka manta dalilin da ya sa muka shiga. Mun ga talaka yana sayar da akuyarsa don haraji da jangali."

Da yamma muka shiga birni ta Ƙofar Doka, muka ratsa Babban Dodo, muka yi sallah a masallacin Juma'a na gaban fada, wanda Babban Gwani ya gina asalinsa a ƙarni na 19. Kawu ya sa mai keke ya bi da mu ta Ƙofar Gayan, ya nuna mini asibitin da ke ɗauke da sunan Hajiya Gambo Sawaba, 'yar NEPU da aka ɗaure sau da dama saboda siyasar talakawa.

Litinin da asuba na ɗaure kwali huɗu. Ina cikin ɗaure na ƙarshe Kawu ya sa hannu ya zare wani ƙaramin littafi da bangonsa ya cinye, ya ce wannan na Injiniya ne, ya ara tun 1984, in bar masa shi domin yau da la'asar zai zo.