Wayar da ta zaunar min da yara ita ta fitar da su waje

Duk mai yara a Ingila ya san wannan halin, da an shiga Nuwamba ƙarfe huɗu na yamma gari ya fara duhu, ga sanyi ga yayyafin da ba ya ƙarewa, yara su dawo daga makaranta kowa ya miƙe a kujera da waya a hannu. Na yi faɗa har na gaji. In nace ku tashi mu ɗan taka ƙafa sai babban yace "Umma mu je ina, me za mu gani?" kuma tsakani da Allah ba ni da amsa.

Wata maƙwabciyata ce ta nuna min geocaching. Abun kamar wasan ɓuya ne, sai dai kaya ake ɓoyewa ba mutum ba. Wani zai sa ɗan littafi da tarkacen wasan yara a roba mai murfi, ya ɓoye a kogon bishiya ko ƙarƙashin benci, ya sa lambobin da ke nuna wurin a taswira a intanet, kai kuma ka sauke manhajar Geocaching a waya taswira ta ringa jan ka. In ka samu ka rubuta suna da kwanan wata, ka mayar yadda ka tarar. In ka ɗauki abu dole ka ajiye wani kamarsa, abinci kuma ba a sawa saboda dabbobi.

Ashe abun ya daɗe. Da can gwamnatin Amurka da gangan take dagula GPS ɗin da farar hula ke amfani da shi, wato tsarin tauraron ɗan adam da ke nuna inda mutum yake, kuskuren ya kan kai mita 100, sai a farkon watan Mayun 2000 ta daina. Ranar 3 ga watan wani mutum Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a daji a jihar Oregon ya baza lambobin don ya gwada ko za a gano, aka kuwa gano. Yanzu irin waɗannan sun haura miliyan 3 a duniya.

Ranar farko kam mun sha kunya. Waya tana kawo ka kusa ne kawai, saura 'yan mitoci sai ta fara rawa, yanzu tace gabas anjima tace yamma, daga nan sai ido da haƙuri. Ga ni da hijabi na durƙusa ina laluben gindin shinge, Abbansu ya koma gefe ya harɗe hannu kamar bai san mu ba, wata tsohuwa da karenta ta tsaya tana kallonmu, ni dai a raina nace shikenan yau sai an kira mana 'yan sanda. Wajen minti ashirin muna abu ɗaya, har nace mu haƙura, sai auta ta ƙwalla ihu "Umma ga shi! Yaya na riga ka!" Wata 'yar roba ce ta abinci an naɗe da baƙin salatif, ciki ɗan littafi da ya sha danshi da ƙaramar motar wasa da ƙafa ɗaya ta cire. Motar nan har yau tana kan tagar ɗakinta, ita kuma ta bar musu ribbon ɗinta.

Da na duba waya a hanyar gida sai na ga mun yi tafiyar da ta fi awa ɗaya ba wanda yace ya gaji, har ni da gwiwa ke damuna.

Mai son gwadawa, kowane abun da aka ɓoye akwai makinsa daga 1 zuwa 5 na wahalar samu da na wahalar hanya, da ƙananan yara kar a wuce 2, kuma a zaɓi manyan robobi don ƙananan nan kamar kan yatsa takarda ce kawai a ciki, yaro zai ji an cuce shi. A riƙe biro, a sa takalmin roba saboda taɓo, hannu kuma kar a zura shi ko'ina, akwai wata ciyawa mai ƙaiƙayi a nan da ta koya wa babban hankali.

Yanzu duk Asabar tun kafin in gama karin kumallo sun sa riguna suna jira a bakin ƙofa, rigimar da ta rage ita ce waye zai riƙe wayar. Abbansu ma da yake mana dariya, satin da ya wuce shi ya hau bishiya.