Legas, Abuja ko Kano: inda na sauke keken ɗinkina

Ranar Lahadin da ta wuce muna dawowa daga kasuwar Gujungu a kan babur, ƙanena ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Yaya, in na gama koyon ɗinkin nan, Legas zan nufa ko Abuja?" Kano ko a lissafi bai sa ta ba. Ban ga laifinsa ba. Ni ma ina shekarunsa gani nake wanda ya tsaya Kano bai fita ba, tunda duk mako ana iya ganinsa a gida. Iska da ƙura ba su bar ni na ba shi amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

A Ringim na koyi ɗinki, shekara huɗu. Shekarar farko ban taɓa almakashi ba, aikina hura gawayin dutsen guga da ɗaura maɓalli. Ranar da maigidana ya yaye ni a 2019, ya ji ina ta zancen Legas, sai ya ce, "Yaro, kafin ka tambayi nawa ake ɗinka riga a gari, fara tambayar nawa ake kwana a cikinsa." Na ce, "To, Baba." Amma kunne kawai ya ji, zuciya ta riga ta hau mota.

Agege na sauka, inda Hausawa suka daɗe da zama har suna da sarkinsu. Kuɗi kam ana samu, ba zan ɓoye ba. Abin da nake karɓa a kaftani ɗaya ya ninka na gida. Sai dai mu biyar muke kwana a shagon, kowa ya shimfiɗa tabarma a tsakanin kekuna, kanka kusa da ƙafar wani. Wanka sai ka biya, bayan gida sai ka biya, ruwan sha sai ka saya. In damina ta kankama, laima har cikin shaddar mutane take shiga, dole mu riƙa ɗaga ta sama a cikin leda.

Duk da haka Legas ta koya mini abin da har gobe nake cin amfaninsa, wato cika alƙawari. A can in ka ce wa mutum Juma'a, to Juma'ar zai zo, kuma in bai samu kayansa ba ba zai tsaya yi maka faɗa ba, ba za ka sake ganinsa ba ne kawai. Wannan halin namu na teloli, na karɓar ɗinki ashirin alhali goma hannu zai iya, a Agege na rabu da shi.

Sai 2020 ta zo. A watan Fabrairu gwamnatin jihar ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Ikeja da Apapa, kuma da yawan masu kawo mini ɗinki 'yan acaba ne. A nan na gane cewa abincina a rataye yake da abincin wasu, su kuma nasu takarda ɗaya daga ofis za ta iya yanke shi. Ba mu farfaɗo ba aka rufe gari ranar 30 ga Maris saboda korona, aka kuma hana tafiya daga jiha zuwa jiha. Babu biki, babu suna, azumi ya shigo, ƙaramar Sallah ta zo ta wuce kekuna a rufe da zane. Ɗan abin da na tara cikin watanni ya ƙare a gari da ƙuli. Ina kwance ina tuna rumbunmu cike da gero, ga tafiyar kilomita wajen dubu a tsakaninmu. A shekarar ba da ni aka yi shuka ba.

Daga nan sai Abuja, a 2021. Shago a Wuse, kwana a Mararaba, wadda ma a jihar Nasarawa take. Ana sallame Asuba nake fita don in riga cunkoson Nyanya, in dawo bayan Isha jiki duk ya mutu. Masu kawo ɗinki ba sa ciniki sosai, kuma a nan na fara yanka shaddar da sai na yi bisimilla sau biyu kafin in ɗora mata almakashi. Abin da ya riƙa ba ni mamaki shi ne, in ka bi diddigin shaddar sau da yawa daga Kantin Kwari ta fito, in kuma babbar riga ce mai aikin hannu, Kano ko Zariya ake aika ta. Ashe na baro tushen sana'ata a bayan gidanmu, na zo ina sayen ta da tsada a hannu na uku.

A daminar 2022 ambaliya ta ci yankinmu na Ringim. Cikin dare aka kira ni, ɗakin Inna ya zube, Allah ya kiyaye tana waje. Ga kayan angwaye a hannuna, na karɓi kuɗin mutane. Sai bayan kwana biyu na iso, na tarar maƙwabta ne suka kwashe mata abin da ya saura, tana zaune a ajin makarantar firamare da ƙullin kayanta a gefe. Ba ta ce mini komai ba sai, "Ka iso lafiya?" Wannan tambayar ta fi faɗa ciwo.

Ban bar Abuja nan take ba. Sai da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 600 a watan Yuli. Kuɗin motar Mararaba ya bi ta. Wani dare na juya littafin awona, a shafin baya na rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita: mota, haya, abinci, man janareto, zuwa gida. Na kira wani abokina da muka koyi aiki tare, wanda ke Kano, ya faɗa mini nasa. Ina samun kusan ninkin abin da yake samu, amma abin da ke kwana a aljihunmu ƙarshen wata kusan ɗaya ne. Shi kuwa yana noma gonarsa. A daren ne maganar Baba ta sauko daga kunne zuwa zuciya.

Sai na tattara na koma Kano, amma ita ma ba aljanna ba ce. Teloli sun fi a ƙirga, kowane lungu da mai keke. Mutum zai yi ciniki da kai har ka gaji, ya karɓi kayan ya ce sai ƙarshen wata. Wuta ba tabbas, zafin Afrilu kuwa sai ka ji kamar ka bar shagon. Amma in zare ya yanke mini, Adaidaita ɗaya ce ta kai ni Kwari. Akwai wanda ke ba ni yadi bashi don kawai ya san maigidana, abin da shekara biyu a Wuse ba ta sama mini ba. Hatsin da nake ci daga gonarmu ne. In na rufe shago ranar Juma'a da la'asar na hau mota a Yankaba, da ni ake sallar Isha a masallacin ƙauyenmu.

Ba na cewa kowa ya zo Kano. Ina da aboki mai kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas, ya gina gida a nan garin da kuɗin Legas, don tumatir da tattasai can suke da daraja. Mai takardar digiri da ke neman aikin gwamnatin tarayya kuma Abuja ce tasa. Ni allura ce a hannuna, ga tsohuwa, ga gona.

Jiya da daddare na miƙa wa ƙanen nawa tsohon littafin awon, na buɗe masa shafin baya. Na ce in an gama girbin riɗi ya tafi Agege cin rani, akwai shagon da za su karɓe shi, amma kekensa ya bar shi a gida tukuna. Kowane dare ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin wanka, ruwan farko kuma ya same shi a nan. Ya daɗe yana bin lambobin da yatsa a hasken tocila, sannan ya ɗago ya ce, "Yaya, wannan ɗari biyun ta kullum ta mece ce?"