Abin da Tom Watson ya koya mini a aji uku

Muna aji uku a sashen tarihi aka ba ni aikin gabatar da takarda kan jam'iyyar manoma a jihohin kudu na ƙasar Amurka. Nan na ci karo da Tom Watson, lauya ɗan jihar Jojiya wanda ya shiga majalisar wakilai bayan zaɓen 1890. Lokacin auduga ta faɗi warwas, manomi yana cin bashin mai kanti tun kafin shuka, kaka ta zo ya biya da amfanin gonarsa ya koma gida hannu rabbana. A 1892 Watson ya rubuta wa talakawa, farare da baƙaƙe, cewa an raba kanku ne don a yashe kowannenku shi kaɗai.

Wannan magana ta ratsa ni. Na ja mata layi da jan biro, na kwafe ta a bangon littafina, na gina takardar duka a kanta.

Ranar gabatarwa malaminmu ya bari har na kai aya. Ya cire tabarau, ya ce, "Malama, kin kai mu 1892 kin ajiye. Ina 1908?"

Ban da amsa. Daren nan ban runtsa ba sai karatu. Ashe bayan ya sha kaye a 1892 da 1894, a zaɓukan da aka tafka maguɗi, mutumin ya juya. A 1906 ya mara wa Hoke Smith baya a takarar gwamna bisa alƙawarin raba baƙaƙe da ƙuri'a, aka kuwa yi hakan a 1908. Jaridar Watson ce ta yi ta rura wuta a kan Leo Frank, Bayahuden da gungun mutane suka rataye a 1915.

Abin da ya fi ci mini rai, bai taɓa daina zagin bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa ba. Bakin bai canja ba, sai dai "talaka" ya koma nufin farin talaka kawai. Kuma ta biya shi, don a 1920 aka zaɓe shi sanata.

Tun daga nan, idan na ji ɗan siyasa yana cewa "mu talakawa", nakan tsaya in ƙirga wa da wa ke cikin "mu" ɗin, in kuma bi sawunsa shekara goma gaba. Takardar kuwa sai da na sake ta daga farko. Layin jan biron yana nan a littafin, na dai rubuta 1908 a gefensa.