Dodgers ta Brooklyn a 1947, kakar da na kasa fita daga cikinta

Kusan sati biyu ke nan ina manne da tsofaffin bidiyon besbol na Amurka a YouTube, irin masu fari da baƙin nan da hoton ke rawa, kuma duk inda na zaga sai na dawo kan shekara guda, 1947, da ƙungiya guda, Dodgers ta unguwar Brooklyn a New York. Yawanci in aka ambaci wannan shekara sunan Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariyar launin fata a wasan, kawai ake kira a wuce, kuma ya cancanta wallahi, amma ni abin da ya riƙe ni shi ne kakar kanta, yadda ta fara a cikin rikici ta kuma ƙare a hannun wasu mutane da ba wanda ya sa su a lissafi.

Ga wanda bai saba da wasan ba: mai jifa ne ke wurgo ƙwallo, mai bugu ya kai mata duka da sanda, in ta tafi sai ya ruga ya bi tashoshi uku ya dawo gida, dawowar nan ita ce maki ɗaya. Zagaye tara ake yi, kowane ɓangare na bugu har sai an fitar masa da mutum uku. Shi ke nan, ya ishe mu labarin.

Tun shekarun 1880 babu baƙar fata a manyan gasannin besbol, ba wai an rubuta doka ba, masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki suka yi shiru a kai, su kuma baƙaƙe suna can suna nasu gasar daban. Shugaban Dodgers, Branch Rickey, shi ya kira Robinson ofis a watan Agustan 1945 lokacin yana buga wa Kansas City Monarchs, ya ce masa yana neman mutumin da ke da zuciyar da zai sha zagi bai rama ba. Robinson kuwa ba mai sanyi ba ne, mutumin da aka taɓa gurfanarwa a kotun soja saboda ya ƙi komawa kujerar baya a bas, to ka ga nauyin abin da aka roƙe shi. Ya amince, aka tura shi Montreal a Kanada ya yi 1946 a can.

To kafin ma a buga wasan farko na 1947 gida ya rikice. A lokacin atisaye, da ƙungiyar ta je Panama, wasu 'yan wasa yawancinsu 'yan kudancin Amurka suka fara zagayawa da takardar sa hannu cewa su ba za su yi wasa da baƙar fata ba. Koci Leo Durocher ya tashe su cikin dare ya wanke su tas, ya ce shi ne koci kuma Robinson zai buga, wanda bai so ba ƙofa a buɗe take. Sai kuma ana saura kwana shida a fara kaka shugaban hukumar wasan, Happy Chandler, ya dakatar da Durocher ɗin na shekara guda cur. Mutumin da ya fi kowa tsaya wa Robinson a ɗakin sa kaya ke nan aka ɗauke. Rickey ya ɗauko tsohon amininsa Burt Shotton, dattijo mai shekara sittin da 'yan kai, wanda ko rigar ƙungiya ba ya sakawa, da kayan gida yake zama a benci.

Ranar 15 ga Afrilu a filin Ebbets, gaban mutum 26,623, Robinson ya fito da lamba 42 a baya ya tsaya tasha ta farko, gurin da ba nasa ba ne asali, ya koya ne cikin 'yan makonni don an riga an cike sauran guraben. Bai samu bugu mai kyau ko ɗaya ba ranar, wato bugun da ke kai mai bugu tasha lafiya ba tare da kuskuren abokan hamayya ba, amma ya ci maki, Dodgers ta doke Boston Braves 5 da 3. Sati guda bayan nan Philadelphia Phillies suka zo, kocinsu Ben Chapman ya zauna a benci shi da yaransa suna ta surfa masa zagin launin fata tun daga farkon wasa har ƙarshe, abin ya yi muni har abokan wasan Robinson da a da ba sa ko son gaisawa da shi suka fara tankawa, Eddie Stanky ma ya miƙe ya mayar musu. Ana aiko masa wasiƙun barazanar kisa, akwai otal ɗin da ya ƙi karɓarsa, masu jifa suka same shi da ƙwallo a jiki har sau tara a kakar, a watan Agusta kuma Enos Slaughter na Cardinals ya taka masa ƙafa da takalmi mai ƙusa.

Abin da nake so a gane shi ne bawan Allahn nan bai tsaya ga haƙuri kaɗai ba, wasa ya buga na gaske. Ya gama kaka da .297 a ma'aunin bugu, wato kusan uku cikin kowane goma, ya ci maki 125, ya saci tasha 29, wato ya ruga tasha ta gaba ba tare da an bugi ƙwallo ba, ba kuma wanda ya kai shi a National League, gasar da Dodgers ke ciki. In ka ga bidiyonsa yana tasha, ba ya tsayawa cak, sai ya ɗan matsa ya dawo ya sake matsawa yana rawa da jiki, mai jifa ya rasa ina zai kalla, shi ko mai bugu, har hannunsa ya rikice. Shi aka fara ba kyautar gwarzon sabon ɗan wasa a manyan gasannin. Ga kuma Ralph Branca, yaro ɗan shekara 21 da ya ci wasa 21 da jifa, ga Pee Wee Reese, ga Pete Reiser da ya ruga bin ƙwallo a watan Yuni ya gwabza kai da katanga har ƙoƙon kansa ya tsage. Dodgers ta ci 94 ta sha kashi 60, ta ɗauki gasar da tazarar wasa biyar a kan Cardinals, sama da mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas suka shiga Ebbets kallo.

Amma bari in koma baya kaɗan don akwai cinikin da ake mantawa. Cikin masu adawa da zuwan Robinson akwai mai jifa Kirby Higbe, kuma gwani ne ba ƙarya. A farkon watan Mayu Rickey ya sallama shi tare da wasu ga Pittsburgh, ya karɓi dala 100,000 da wani gajeren ɗan wasa, Al Gionfriddo, wanda kowa ya ɗauka gyara ne aka ɗora a kan kuɗin. Gionfriddo ya kusan ƙare kakar a benci. Riƙe sunan.

Jerin wasannin ƙarshe na cin kofi, wanda suke kira World Series, inda wanda ya fara cin huɗu cikin bakwai ke ɗaukar kofin, da New York Yankees aka yi, kuma shi ne karon farko da aka nuna shi a talabijin. Yankees suka ci biyun farko, Dodgers ta ci na uku. A na huɗu ranar 3 ga Oktoba mai jifan Yankees Bill Bevens ya kai zagaye na tara ba wanda ya samu bugu mai kyau a kansa, abin da ba a taɓa yi ba a wannan mataki, duk da dai jifansa na ta kaucewa har ya ba mutum goma tasha kyauta. Yankees na gaba 2 da 1, saura mutum ɗaya a fitar a tashi. Shotton ya sa Gionfriddo ya yi gudu a madadin wanda ke tasha ta farko, yaron ya yi kasada ya saci ta biyu, da an kama shi wasa ya ƙare nan take. Reiser ne ke bugu, sai kocin Yankees ya sa aka ba shi tasha da gangan duk da ƙafarsa na ciwo. Sai Shotton ya kira Cookie Lavagetto daga benci, tsohon hannu mai shekara 34, jifa na farko ya kai duka ya rasa, na biyu ya ɗaga ta har ta daki katangar dama ta dawo, mutum biyu suka shigo gida, 3 da 2. Bugu ɗaya tak Dodgers ta samu duk ranar kuma da shi ta ci wasan. Duk lokacin da na tuna Bevens yana fita daga filin nan sai in ji tausayinsa ya kama ni.

Kwana biyu bayan haka a filin Yankees, wasa na shida, mutum sama da 74,000, Dodgers na gaba 8 da 5 a zagaye na shida, Shotton ya tura Gionfriddo tsaron can baya ta hagu. Mutum biyu na kan tasha sai ga Joe DiMaggio, babban tauraron zamanin, ya narka wa ƙwallo duka ta yi sama ta nufi can ƙarshen fili gurin da aka rubuta nisan ƙafa 415. Na maimaita wannan guntun bidiyon ya fi a ƙirga. Gajeren mutumin nan ya juya baya yana ta gudu, hularsa ta faɗi, ya isa dab da shingen ƙarfe ya miƙa hannu ya cafke ta kafin ta taɓa ƙasa, an fitar da mai bugu ke nan. DiMaggio kuwa, wanda aka sani da ba ya nuna fushi ko murna a fili, yana kusa da tasha ta biyu ya shuri ƙasa da ƙafa ƙura ta tashi. Dodgers ta ci 8 da 6.

Washegari Yankees suka ci na bakwai 5 da 2, Joe Page ya shigo ya yi jifan zagaye biyar ya rufe ƙofa, kofi ya tafi. Sai 1955 Brooklyn ta samu nata, Robinson na cikin ƙungiyar har lokacin, bayan kakar 1957 kuma aka kwashe Dodgers zuwa Los Angeles, filin Ebbets aka rushe shi a 1960. Lamba 42 an jingine ta a duk ƙungiyoyi tun 1997, sai dai duk 15 ga Afrilu kowa ya saka ta.

Bevens da Lavagetto da Gionfriddo kuwa, bayan wannan satin na Oktoba ba ɗayansu da ya sake buga wasa ko guda a babbar gasa.