Wifi ɗin Broadcom ya cinye mani Asabar

Yau da na ce hutawa zan yi, ashe ba rabo. Tun ƙarfe tara ɗan yayata ya hau kabu-kabu daga Arkilla ya same ni Mabera da laftop ɗinshi HP ɗan gwanjo, fuska a murtuke. "Kawu, wifi ya mutu, gara in kai wa mai gyara ya canza kati." Na ce mi ka yi mata? Wai jiya ya goge Windows ya sa Fedora, wani nau'in Linux, don abokan karatunshi duk ita suke yayi.

Ni Linux Mint nake amfani da ita shekara da shekaru, kuma tsohuwar HP ɗina ma irin wanga ciwon ta yi, don haka raina ya ba ni katin wifi ɗin, na Broadcom, lafiyarshi lau. Na buga lspci -nn, umarnin da ke jero kayan cikin injin, ga shi ɓaro-ɓaro, Broadcom BCM43142, lamba 14e4:4365. Na sa filashin Mint don yaron ya gani da idonshi, na buɗe Driver Manager, direban, wato manhajar da ke tada katin, na nan cikin filashin ma ba sai da intanet ba. Sai ya ce to a bar mashi Mint ɗin mana, can kuma ya ce a'a Fedora dai, kar a yi mashi dariya a makaranta. Yaran yanzu.

Abin shi ne Fedora ba ta saka direban da kamfani ya rufe lambobinshi, ƙa'idarsu ce, ba kuskure ba ne. Shi kuwa wanga katin babu mai tada shi sai direban Broadcom ɗin da ake kira wl. A Mint da Ubuntu yana cikin rumbunsu, a Debian sai ka kunna non-free ka sauke broadcom-sta-dkms, a Fedora kuma sai ka je RPM Fusion, wani rumbu na daban, ka ɗauko broadcom-wl da akmod-wl. Kati ɗaya, direba ɗaya, kowa da ƙofar da zai shigo da shi. Abin haushin, kana buƙatar intanet kafin ka gyara intanet, dole na jona wayata da kebul na raba mata data, ina kallo tana zurarewa don sai da aka sabunta kernel, wato zuciyar Linux ɗin, aka sauke kernel-devel sannan akmods, manhajar da ke harhaɗa direba, ya zauna ya gina direban.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, fanka ya tsaya, zafin Sakkwato ya ce ga ni, batirin laftop ɗin kuwa ko minti arba'in ba ya yi. Muka kwashi komai muka koma shagon mai cajin waya na bakin layi, na zauna kan benci da ita bisa cinya.

Na sake kunnawa, babu wifi. Wallahi nan na fara zufa ta biyu, yaro na kallona kamar zai ce ai na faɗa maka. Na buga sudo modprobe wl don in tada direban, ta amsa "Key was rejected by service". Au, Secure Boot, tsaron nan da ke hana direba marar sa hannu tashi! Direban da aka gina cikin injin ba shi da sa hannu, shi ya sa kernel ya ƙi shi. Sai na tuna a Mint akwai wani shuɗin allo na MOK, mai rajistar makullin sa hannu, da ya taɓa tambayata kalmar sirri, ashe aikin da yake yi ke nan ban kula ba. A Fedora ma ana iya yin rajistar makullin da mokutil, amma la'asar ta kusa kuma yunwa nake ji, sai kawai na danna F10 na shiga BIOS na kashe Secure Boot ɗin.

Ta tashi, wifi ya fito. Na gargaɗe shi duk ran da ya sabunta kernel ya ɗan jira akmods ya gama kafin ya kashe ta, ya ce to Kawu, amma hankalinshi na kan YouTube. Fura ya sayo mani ta ɗari biyar, datata kuma ko zancenta bai yi ba.