Sawun kakanmu a majemar Damagaram

A gidanmu na Kano, in aka tashi maganar asali, sai a ce mu jikokin wani malami ne da ya zo daga Damagaram, a tsaya nan. Bayan rasuwar mahaifina muka buɗe tsohuwar gafakar da ya gada. A ƙarƙashin warƙoƙin Alƙur'ani na tsinci wata takarda da ajami, duk lissafi ne: fatar akuya kaza, buhun bagaruwa kaza, bashin wane baduku kaza. Na kai wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura tamanin. Ta daɗe tana juya takardar kafin ta ce, "Ɗan nan, ubanmu ya yi karatu, amma jima ce ta ciyar da mu. Kunya ce ta hana a faɗa."

Wannan kunyar ce ta sa ni shiga mota.

Daga Kano zuwa Zinder, wato Damagaram, kimanin kilomita 240 ne. Muka bi ta Daura, muka ƙetare iyaka a Kongolam, muka ratsa Matamaye, la'asar ta yi mana a cikin gari. Na canza naira zuwa sefa, ɗan kabu-kabu ya yi mini lissafi da dala har kaina ya ɗaure, sannan ya sauke ni a unguwar Zango.

Washegari na fara da Birni, don Gwaggo ta ce a can aka yanke wa ubansu cibiya. Lunguna ne matsattsu, gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuskar zaure, ga manyan duwatsu zube a tsakanin gidaje kamar da su aka yi ginin. Na tsaya a ƙofar fada ina kallon dogarai da jajayen riguna. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, aka kewaye garin da ganuwa, har igwa ake ƙerawa a nan. Ayarin raƙuma kan tashi daga Zango ya doshi Tarabulus da gashin jimina da jemammun fatu. Faransa ta ci garin a 1899, ta mai da shi babban birnin Nijar kafin a koma Yamai a 1926. Duk wannan na karanta tun ina makaranta, ban taɓa tambayar hannun wa ya jeme fatun da raƙuman suka ɗauka ba.

Majema ba ta bukatar kwatance, hancinka ne zai kai ka. Na tarar da samari tsugune bakin ramuka, ƙafafunsu sun rine, fatu a shanye a ƙasa jeri-jeri. Wani dattijo da ke zaune kan buzu ya amsa sallamata, ya dube ni sama da ƙasa.

"Sayen fata ka zo, ɗana?"

"A'a, Baba. Kakana na zo nema."

Na miƙa masa takardar. Ya karanta ajamin ba gargada, ya gyaɗa kai, ya ce wanda ya rubuta wannan ba ɗan koyo ba ne, mai gidan jima ne, domin shi ke sayen bagaruwa da buhu, shi ke ba dukawa bashi. Sunan kakan nawa bai san shi ba, kuma bai yi mini ƙaryar ya sani ba. Wannan ya ƙara masa girma a idona.

Sai ya kama hannuna ya zagaya da ni. Ga ramin da ake tsoma ɗanyar fata a ruwan toka har gashi ya saki. Ga gungumen da ake ɗora ta a kankare da kartaji, wani yaro yana ja da hannu biyu, gashi na zubowa dunƙule-dunƙule, bai ko ɗago kai ba. Daga nan sai ruwan kashin kaji, mai sa fata ta yi laushi, kuma shi ne uban warin da ake gudu. Sannan ruwan dakakkiyar bagaruwa, inda fata ke kwana tana tsotsa har ta daina zama abin da zai ruɓe. A ƙarshe a shafe ta da man gyaɗa, a yi ta bugu da murza, wadda za a rina ja a haɗa ta da karan dafi.

Ya ce, "Sa hannu."

Na naɗe hannun riga na tsoma a ruwan bagaruwa. Da sanyi, da ɗan kauri, fatar da na kamo a ciki tana santsi kamar kifi. Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba. Shekara arba'in ina rungume gafakar nan da alwala, ban san irin wannan ramin ne ya fitar da ita ba. Linzamin sarki, gugan rijiya, salkar matafiyi, layar da ke wuyan jariri, duk sai sun bi ta hannun mutumin da ake toshe masa hanci. Na ji haushin mutanen da suka sa dattawanmu ɓoye wannan, na kuma ji tausayin dattawan.

Da zan tafi, Baba ya ɗauko jar fatar akuya guda ya naɗe. Na sa hannu aljihu, ya ɗaure fuska ya ce ɗan gida ba ya biya. A Kasuwar Dole na ƙara da kilishi da takalmi sau ciki ɗaya na dukawan garin.

Kwana uku farcena bai rabu da launin bagaruwa ba. Da na isa Kano ban sauka gida ba sai ɗakin Gwaggo. Na shimfiɗa mata fatar a cinya. Ta shafa, ta kai hanci, ta rufe ido.

"Haka rigar Baba take ƙamshi in ya dawo da magariba," in ji ta. Sai ta ce a kira mata yaran gidan duka, su zo su zauna.